Aladu Goma Sha Huɗu na Tiya Goring

Lucena, 3 ga Oktoba, 1997

Zuwa ga Tiya Goring,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, gwiwar kuma ta yi sauƙi. Na ba Mang Isko mai jirgi kwalbar man zafi ya kawo miki. Don Allah a gwiwarki za ki shafa, ba a jikin alade ba kamar wancan karon. Ni lafiya ƙalau, sai ɗan tarin da sanyin wurin aiki ya sa mini. Matata Marilou tana gaishe ki, cikin ya shiga wata biyar.

Tiya, kin san aikina a ƙungiyar 'yan kasuwar nama. Ni ke haɗa lissafin shekara, wato naman da ke ajiye a ɗakunan sanyi nan birni, da aladun da ke raye a garuruwa da tsibiran yankinmu. Takardar bana ta fito shekaranjiya da sunana a ƙasa, kuma abin da ke cikinta ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara war haka, naman da ke ɗakunan sanyi tan dubu biyu da ɗari shida ne. Bana dubu huɗu da ɗari ɗaya, don tun watan Yuni jiragen waje ke sauke daskararren nama. Ɗakunan sun cika maƙil, har a ƙasa ake jibge kwali. Tsibirinmu na Kabugaw kuwa, bara aladu dubu uku da ɗari biyu aka ƙidaya, bana dubu shida da ɗari ɗaya. Nama a birni ya yi yawa, a ƙauye ya yi yawa, ba sai na gaya miki abin da zai faru da farashi ba.

Ƙungiya za ta turo manyan jirage biyu tsakiyar Nuwamba su kwashe rarar. Bayan su ba na jin wani mai saye zai sake leƙo ku kafin Kirsimeti. Shawarata ki sayar, da waɗanda kika bayar kiwo gidajen mutane, da uwar aladen da ke shingenki, Kondesa ita kanta. Ta tsufa, ke ma ƙafarki ba ta son saran ayaba kullum. In kasuwa ta daidaita baɗi, ni da kaina zan sayo miki farare biyu na gona, masu saurin girma.

Ɗanki,
Efren

Kabugaw, 19 ga Oktoba

Efren ɗan ƙanena,

Na samu takardarka da man zafin. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, in hadari zai taso ita ke fara gaya mini. Man kuwa na gode, rabi na shafa, rabi na shafa wa Kondesa a ƙafar baya, sai ka yi abin da za ka yi. Ka gaishe da Marilou, ka ce ta riƙa shan romon kaza da zogale, ta bar ɗaukar bokiti.

To, mu zo ga maganarka. Dubu shida! A ina, Efren? A ƙarƙashin gadonka? Shekarata sittin da huɗu a tsibirin nan. Da safe lokacin ba su dusa, in na tsaya a bakin ƙofa ina jin kukan aladu tun daga gidan Bebang har gangaren coci, kuma na san muryar kowane shinge. Bana kukan bai ƙaru ba. Dusar shinkafa ba ta yi tsada a injin Tibo ba. Kututturen ayaba na nan yana ruɓewa a bayan gidaje ba mai sara. Da aladu sun ninka, da tuni an fara dambe a kan dusa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ka kuwa bar ɗakin nan shekara tara.

Takardar taku ma ta riga wasiƙarka isowa. Dodoy dillali ya zo da ita ranar Lahadi, ya hau benci a filin faɗan zakaru yana karanta wa mutane da ƙarfi, yana lasar yatsa yana juya shafi kamar Fada a kan mumbari.

"Ba ni na faɗa ba," in ji shi. "Ɗanku ne ya sa hannu. Ga sunan nan, Efren Malabanan."

Duk aka juyo ana kallona. Na ce, "Me kuke kallo? Ni na haife shi? Ƙanena ne ya haife shi, ku je kabarinsa ku tambaye shi." Amma na ji kunya, ba zan ɓoye maka ba.

Ka ce in sayar da Kondesa ka sayo mini farare. Farare! Masu tari in iska ta kaɗa, waɗanda ba sa cin abinci sai na buhu. Kondesa jikar jikar baƙar nan ce da kakarka Lola Sepa ta shigo da ita tsibirin nan cikin kwale-kwale ranar da aka kawo ta amarya. Da 'ya'yan uwar Kondesa aka kai ka makarantar da ka koyo lissafin da kake tsorata ni da shi.

Na ga wannan rawar sau uku a rayuwata. Shekarar da aka ce nama ya yi yawa kowa ya sayar da uwa, shekara mai zuwa a nemi ɗan alade da fitila a rasa. Fararen gonakin birni suna dawowa cikin wata shida, don akwai inda ake sayo su. Baƙaƙenmu in sun ƙare a Kabugaw sun ƙare ke nan.

Aladu mata goma sha uku na bayar paiwi, wato kiwon raba 'ya'ya, a gidajen mutane. Su ke ciyarwa, in an haihu mu raba 'ya'yan biyu, uwar kuwa tawa ce. Ka san dokar tun kana yaro: mai kiwo ba ya sayar da uwa sai mai ita ta ce to. Ni kuwa ba zan ce to ba, ko jirage goma za ku turo.

Yayar babanka,
Goring

Lucena, 28 ga Oktoba

Tiya,

Ina gaisuwa. Marilou tana shan romon, ta gode. Tarina ya ɗan lafa.

Maganarki ta yi mini zafi. Ban manta da wanda ya kai ni makaranta ba, shi ya sa ma na rubuto miki kafin kowa. Amma Tiya, ba da kunne ake ƙidayar aladun tsibiri guda ba. Ni ban ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba, abin da mutanen Kabugaw suka faɗa da bakinsu shi na tara. Tun da kin ƙaryata ni, na sauka ɗakin ajiya na zaro takardun ƙidayar watan Agusta. Ga taki a gabana: Gregoria Malabanan, aladu goma sha huɗu, ga sa hannunki. A takardar bara an rubuta miki ɗaya. In gidanki kaɗai ya tashi daga ɗaya zuwa sha huɗu, me ya sa kike mamakin tsibirin ya ninka?

Ba ni da abin da zan ci a cinikin nan. Ina tsoron ranar da za ki riƙe aladu ba mai saye, mutanen da kika ba kiwo kuma su juya miki baya. Ki sake tunani kafin jiragen su iso.

Efren

Kabugaw, 22 ga Nuwamba

Efren,

Muna raye. Na fara da wannan ko da yake ba ka tambaya ba. Guguwar ranar biyu ga wata ta kwashe rufin gidaje ashirin da wani abu, ta kayar da kwakwa ba iyaka, ta fasa jirgin Isko a kan dutse, shi dai ya tsira. Gidana ya tsaya. Wata guda ke nan ban ji daga gare ka ba. In fushi kake don na gaya maka gaskiya, ka ci gaba da yi, ba a kanka aka fara ba. Wannan Fada zan ba ya kai maka, zai shiga birni gobe.

Jiragenku sun zo, su guguwa ba ta hana su ba. Kwana uku ana lodi. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, Efren. Tun daga kan tudu ake gangaro da su, wasu a ɗaure a jikin gora, wasu a keken shanu, ihunsu har ba ka jin ƙararrawar coci. Mutum rufinsa ya tafi, ga Dodoy da takardarka yana cewa gobe alade ba zai sayi kaza ba, me kake so ya yi? Iyaye aka loda, masu ciki aka loda. Tibo ya loda har namijin da yake zagayawa da shi gida-gida.

Rana ta biyu masu kiwona suka zo mini tsakar gida su goma sha uku, da Kapitan, mai garinmu, a gaba. Ina yanka kututturen ayaba, ban ajiye addar ba.

Kapitan ya ce, "Aling Goring, mutanen nan roƙo suka zo. Ki ce to, a sayar, ki ba su wani abu su rufe ɗakunansu."

Na ce, "Kapitan, ka sha kofi? In ba ka sha ba ga shi can a kan murhu. In ka sha, ƙofar da ka shigo tana nan."

Tibo ya ce, "Taurin kai ne zai kashe ki, tsohuwa. Aladu dubu shida a tsibiri, sha ukunki ne za su riƙe duniya?"

Na ce, "Kai da ke niƙa dusarsu, ka ga dubu shidan? Rantse da waliyyinmu San Isidro." Ya kau da kai yana gyara hula.

Sai Bebang ta fashe da kuka. Ita ce ta karya mini zuciya. Mijinta Ponso a kwance, jikoki uku, suna kwana ƙarƙashin leda. Ta ce mini, "Manang, yayata, ni na ciyar da ita wata goma sha ɗaya. Ruwa a kan gadon Ponso yake zuba." Na ci gaba da yankan ayabata. Da suka watse na sa aka cire kwanon rufin madafata guda bakwai aka kai mata a ka. Yanzu a fili nake girki, in ruwa ya sauko in riƙe laima a kan tukunya, maƙwabta na leƙe suna dariya. Su yi ta yi.

Biyu daga cikinsu sun saci hanya sun sayar ba da yawuna ba, suka aiko mini da kuɗin a ƙulle. Na mayar musu, na ce su riƙe, kada dai su sake tako ƙofata neman 'yar alade. Saura sha ɗaya da Kondesa. A coci yanzu benci guda nake samu ni kaɗai, har ina miƙe ƙafa.

Jiya da safe na tsaya bakin ƙofa lokacin dusa. Shiru, Efren. Nan ɗaya, can ɗaya. In akwai sauran dubu uku kamar yadda takardarka ta ce, to bebaye ne.

Goring

Kabugaw, 9 ga Disamba

Efren, ɗana,

Ina fata kana lafiya kai da Marilou. Ka yafe mini zargin da na yi maka. Wasiƙarka ta ƙarshen Oktoba sai jiya ta iso, ashe tana cikin jakar Isko duk wannan lokaci, ta jiƙe ta bushe har ta yi tauri kamar busasshen kifi. Da kyar na karanta, amma layin da ya kamata in gani ruwa bai taɓa shi ba. Gregoria Malabanan, goma sha huɗu. Bara, ɗaya.

Na zauna da takardar a cinya har shinkafa ta kama. Bara ma sha biyu gare ni, yaya aka yi aka rubuta ɗaya? Sai na tuna. Shekara ashirin Maestro Iluminado ke mana ƙidayar nan, Allah ya ji ƙansa. Shi ba ya tambayar kowa. Bayan gida yake zagayawa da sandarsa, ya leƙa shinge, ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya sha kofi ya wuce. A shingena Kondesa ya gani, ya rubuta ɗaya. Ya rasu a Afrilu. A Agusta kuka turo mana wata mata daga birni da farin takalmi. Ita kuwa ina za ta zagaya baya cikin taɓo? A bakin ƙofa ta tsaya da hankici a hanci, ta ce, "Aladu nawa gare ki?" Na ce sha huɗu. Har na gyara tsayuwa da zan faɗa, don matar Tibo na jin mu.

Ban ko ɗaura kallabi ba na gangara gidan Bebang. Na ce, "Bebang, mai farin takalmin nan da ta zo, me kika ce mata?"

Ta ce, "Ɗaya mana. Uwar nan."

Na ce, "Uwar wa?"

Ta ce, "Taki ce, Manang, amma a shingena take. In ce ba ni da alade alhali tana jin gurnaninta?"

Gida tara na shiga da gwiwar nan, amsar duk ɗaya. Ni na ƙidaya su don nawa ne, su sun ƙidaya su don su ke ciyarwa. Ka kuwa san Kabugaw, da wuya ka sami aladen da ba shi da iyayen gida biyu. Matar Kapitan ta faɗi ashirin, huɗu ne a bayan gidanta. Ga dubu shidanka nan, ɗan makaranta. Rabinsu a bakinmu suke zaune.

Kada ka ce na yi ƙarya, ban yi ba. Nawa ne, ko gaban San Pedro mai tsaron ƙofar aljanna zan maimaita. Amma na san jiragen nan da bakina na taya kiransu, kuma abin yana cina. Ba rara suka kwashe ba, iri suka kwashe.

Yanzu sai kai. Takardun suna ɗakin ajiyarku, ka jera sunayen, ka san wa ke ba wa kiwo, cikinsu ka girma. Ka gyara lambar nan ka faɗa da ƙarfi yadda Dodoy ya faɗi ta farko. Sunan ƙanena ne a ƙasan takardar, ba na so ya kwana a kan kuskure.

Namijin alade ɗaya ya rage a tsibirin, na Fada. Yanzu ya fi Fadan kansa yawan ziyara. Na riga na sa an kai shi wurin Kondesa da bakwai cikin nawa.

Tiyarka,
Goring

Lucena, 11 ga Janairu, 1998

Tiya,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata gwiwar ba ta kumbura ba bayan gida taran nan. Marilou ta yi nauyi, ungozoma ta ce farkon Fabrairu.

Kin yi gaskiya. Kwana shida na yi ina jera takardun a ƙasa, mai alade a dama, mai kiwo a hagu. Aladun Kabugaw a watan Agusta ba su wuce dubu uku da ɗari ɗaya ba. Jirage sun ɗauki dubu biyu da ɗari bakwai. Ki yi lissafin saura da kanki.

Ga abin da ya fi muni. Naman ɗakunan sanyin nan da na tsorata ki da shi, Kirsimeti da sabuwar shekara sun lashe shi. Dala ta yi tsada, masu shigo da na waje sun janye hannu. Daga tan dubu huɗu yanzu ɗari tara ne, ɗakuna uku an kashe musu wuta. Farashi ya haura sama. Ƙungiya ta buɗe takardata ta ga wai akwai sauran dubu uku da wani abu a Kabugaw, za ta sake turo jirgi a Fabrairu.

Na kai wa shugabanmu gyaran. Ya karanta a tsaye, ya ce, "Malabanan, takarda ta riga ta fita, mutane sun yi ciniki a kanta. Ka bari sai ta baɗi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, baɗi ba za a sami abin ƙidaya ba."

Ya ce, "Kai aka ɗauka ka tara lamba ko ka yi kiwon alade?"

Ban san daga ina abin ya zo mini ba, ina jin daga wajenki ne. Na buga gyaran kwafi arba'in, na sa hannu, na manna a ƙofar mayanka da bakin tasha da allon ƙungiyar kanta. Ranar Juma'a suka ba ni takardar sallama. Marilou ba ta yi faɗa ba. Yanzu ina rubuta wa masu lodin kwakwa rasit a tashar jirgi, ranar da aka samu.

Ga kwafi ɗaya na sa miki a ciki. Jirgin zai zo duk da haka, don sun san ko kaɗan ne akwai, kuma wannan karon da kuɗi mai yawa zai zo. A Oktoba na ce ki sayar. Yanzu ina roƙonki kada ki sayar, Tiya, ko nawa suka ba ki.

Ɗanki,
Efren

Kabugaw, 20 ga Fabrairu

Efren,

Barka da arziki! Isko ya gyara jirginsa, shi ya kawo mini labarin. Mace ko? Har kun sa mata Josefa, sunan yanka na Lola Sepa. Na yi kuka, na kuma yi rawa da gwiwa ɗaya. Ka ce wa Marilou kada ta taɓa ruwan sanyi. Ga busasshen kifi da zogale na aiko.

Wai kana roƙona kada in sayar. Ji mini yaro! Kifi kake koya wa iyo?

Gyaranka ni na hau benci a filin zakaru na karanta shi, bencin da Dodoy ya hau. Ban lashi yatsa ba, shafi ɗaya ne. Da na kai wurin sunanka na faɗe shi sau biyu. Ba wanda ya yi tafi. Tibo ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Jirgin ya zo ranar Talata. Ka yi gaskiya, tsada ta fi arha wuyar ƙi. Dodoy ya zo har shingena da sabuwar riga, ya leƙa Kondesa tana kwance da ciki ya ja ƙasa.

Ya ce, "Aling Goring, ninki uku na farashin Nuwamba. A kan tsohuwar da haƙoranta suka zube. Ki sayi kwano ki daina girki da laima."

Na ce, "Ba kai ka ce gobe alade ba zai sayi kaza ba? Je ka kawo kazar mu gani."

Ya ce, "Ninki huɗu."

Na ce, "Dodoy, matsa, kana tare mata iska."

Abin da na ji tsoro masu kiwona ne, don kuɗin da ya ambata ko ni kaina sai da ya ja hankalina. Da yamma na gangara in gani. Na tarar da Bebang zaune a kan ƙofar shingenta da muciya a hannu, Ponso da ba ya iya tashi an fito da shi a kujera yana taya ta gadi. Ta ce, "Manang, koma gida ki huta da ƙafar nan. Ya zo sau biyu, na ce in ya zo na uku da kansa za a loda." Sha ɗayan nan ba wadda ta motsa. Jirgin ya koma da aladu tamanin da iska.

Goring

Kabugaw, 18 ga Mayu

Efren, ɗana,

Gaisuwa gare ka da Marilou da 'yar Sepa. Isko ya ce ya gan ka a tasha ka rame, rigarka tana yawo a jikinka. Ni lafiya, gwiwa dai sai haƙuri.

An yi bikin San Isidro ranar Juma'a. Karo na farko tun da aka kafa cocin nan ba a gasa alade ko ɗaya ba. Kifi da kaza aka ci, baƙi daga birni suna taɓe baki. Kapitan ya zo roƙon ɗan alade ɗaya tak, wai don darajar waliyyi. Na ce San Isidro manomi ne, ya san ba a dafa iri.

Tsakanin Maris da Afrilu sha ɗayan nan duk sun haihu, 'ya'ya saba'in da tara. Da muka raba, matan da suka faɗo rabona na bayar da su paiwi gidajen da suka sayar da nasu. Tibo ya zo da hula a hannu, na ba shi namiji, na ce in ya sake loda shi a jirgi ya bi shi. Biyun nan da suka ci amanata su ma sun zo. Na bar su tsaye a rana har na gama wanki, sannan na ba su. Yanzu da safe akwai ɗan kuka, siriri ne amma ana ji har gangaren coci.

Kondesa ta haifi biyar, huɗu maza, mace ɗaya. Ta shayar da su har yaye. Ranar uku ga wata na kai mata dusa ba ta tashi ba. Mun binne ta ƙarƙashin mangwaron Lola Sepa, ban bari an sa mata wuƙa ba. Na yi kuka kamar an yi mini rasuwa, ban damu da wanda ya gani ba. Dodoy ya aiko a gaya mini wai na binne ninki huɗu a rami. Na ce a gaya masa ya zo baɗi da kuɗinsa, ya shiga layi.

Macen nan tana nan, baƙa wuluk, gajerun ƙafa, da masifar uwarta. Ban ba kowa ita ba. Taka ce, paiwi, sharaɗi irin na kowa: kai ka ciyar, in ta haihu mu raba, uwar tawa ce, kuma ba za ka sayar ba sai na ce to. Ka san kuwa yaushe zan ce to. Gidan babanka a rufe yake shekara tara. Kapitan yana neman wanda zai riƙe sandar Maestro, wanda ya iya lamba kuma ba ya tsoron taɓo. Na ce masa na san wani, an ma kore shi a aiki saboda iya lambar.

In ka ɗauke ta shingena zai zama wayam. Mai farin takalmin nan in ta dawo a Agusta ta ce aladu nawa gare ni, zan ce mata babu ko ɗaya, a gaban matar Tibo. Ba zai yi mini daɗi ba, amma zan faɗa. In tana son ganin aladun Goring ta cire takalmin ta zagaya bayan gida arba'in.

Jirgin Isko yana tasowa ranar Alhamis. Ka zo da ƙusoshi, shingen babanka ya karye ta gefen rijiya.

Tiyarka,
Goring